Tsufa kaɗai ba ya sa jita tsada

1/ Jama'a, kun san jitar nan mai fedal da ake kaɗawa a zaune, ta kiɗan kantiri na Amurka, wadda ake ji a waƙoƙin King Sunny Ade? Masu sayar da tsofaffinta suna ba ni mamaki.

2/ Da mutum ya ga Sho-Bud ko Emmons a jiki, sai ya lafta kuɗi. Malam, kifa ta ka duba ƙarƙashi tukuna. In sandunan ƙarfen sun cinye, ko an musanya na asali, daraja ta faɗi.

3/ A ganina, ka duba nawa aka sayar da irinta a Reverb, ka rabu da farashin masu talla. Ka kuma rage wani abu saboda kuɗin aikawa, don nauyi gare ta.

4/ Mai saye makaɗi ne, wadda za ta yi masa aiki yake nema.