Daga Taɓon Kwango Zuwa Fadamar Kalgo: Wa Ke Riƙe Da Mudun Awo?

A watan Janairun 2017 ne wata tawagar masana daga Jami'ar Leeds ta Ingila da Jami'ar Marien Ngouabi ta Birazabil, wadda ta haɗa da Greta Dargie da Simon Lewis da Suspense Ifo, ta sanar da cewa a tsakiyar dajin Kwango akwai shimfiɗar baƙin taɓo mafi girma a duk ƙasashe masu zafi. Wannan taɓo, wanda masana ke kira fit, ganyaye ne da saiwoyi da itatuwan da suka mutu cikin ruwa, suka rasa iskar da za ta ruɓar da su, suka yi ta danne juna tsawon dubban shekaru. Awon da aka sake yi a 2022 ya nuna faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 167,600, wato ya ninka Jihar Kebbi fiye da sau huɗu, kuma yana ƙunshe da kabon kimanin tan biliyan 29, kwatankwacin abin da duniya baki ɗaya ke fitarwa daga ƙona man fetur da gas da kwal a shekara uku.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan manomin Kalgo da wannan, tunda fadamar gulbin Rima ba ta da irin wannan taɓo? Gaskiya ne ba ta da shi. Fadamarmu laka ce da yashi waɗanda ambaliya ke kawowa, da rani kuma takan bushe ta tsattsage, abin da ya mutu a cikinta ya ruɓe kafin damina ta zagayo. Sai dai dokar da ke tafiyar da taɓon Kwango ita ce dai ke tafiyar da fadamarmu, kuma kasuwar da ta taso a kan wannan doka ta doshi gonakin shinkafa.

Dokar mai sauƙi ce: muddin ruwa na rufe da ƙasa, kabon na kwance; da ruwa ya janye, iska ta shiga, sai ƙwayoyin halitta su cinye abin da aka adana, ya tashi sama ya ƙara wa duniya zafi. Muna ma da shaidarmu a gida. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a yankin da yake Jihar Yobe a yau, ya kai shekara 8,000 a binne bai ruɓe ba, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta hana iska isa gare shi.

Abin da ya tayar wa masana hankali shi ne binciken Yannick Garcin da abokan aikinsa da aka wallafa a ƙarshen 2022. Da suka zaro taɓon Kwango daga ƙarƙashi suka tantance shekarunsa, sai suka tarar da giɓi: abin da ya taru tsakanin shekara 7,500 zuwa 2,000 da suka wuce ya ruɓe ƙwarai. Dalili kuwa shi ne ruwan sama ya ragu tun daga wajen shekara 5,000 da suka wuce, makwancin ruwa ya yi ƙasa, rumbun ya koma yana zubar da abin da ya tara. A wannan zamanin ne kuma Sahara ta rikiɗe daga dausayi zuwa hamada, Tafkin Chadi ya tsuke. Daga nan masu lissafi suka karɓi aikin. Da wata manhajar kwaikwayo mai suna DigiBog, wadda aka gyara domin yanayin Kwango, sukan zuba adadin ruwan sama da ganyen da ke zuba da saurin ruɓewa, kwamfuta ta gina taɓon shekara bayan shekara, sannan a gwada sakamakon da abin da aka zaro daga ƙasa. Idan lissafin ya iya maimaita abin da ya faru jiya, sai a yarda a tambaye shi gobe. Abin lura a nan shi ne, sai da mutane suka shafe shekaru suna kutsawa cikin taɓo da ƙarfen awo a kafaɗa kafin kwamfuta ta iya faɗin komai.

Indunisiya ta riga ta ɗanɗana kuɗar yin aiki kafin awo. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Suharto ta ƙudiri aniyar mayar da hekta miliyan ɗaya na irin wannan taɓo a Kalimantan gonar shinkafa, aka haƙa magudanai na dubban kilomitoci. Shinkafa ba ta yi ba, taɓon ya bushe, a 1997 wuta ta kama shi ta yi ta ci ta ƙarƙashin ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa gobarar wannan shekarar a Indunisiya ta fitar da kashi 13 zuwa 40 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa daga makamashi a shekara.

Mu dawo gida. Albarkar kwarin Gwandu ba sabon labari ba ce. Heinrich Barth da ya sauka garin a 1853 ya yaba albasarsa da ayabarsa. Amma ruwan da ke jiƙa fadamun wannan yanki ya daɗe da fita daga hannun damina kaɗai. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, sannan ta Goronyo ta biyo baya, mai buɗe ƙofar dam ya zama abokin tarayyar gajimare wajen yanke hukuncin yaushe gulbi zai cika a Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza. Binciken William Adams a shekarun 1980 ya nuna yadda ambaliya ta ragu a ƙasan Bakolori, har manoma suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Daga 1993 shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injinan ban-ruwa, sannan a ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman rani ya bunƙasa. A 2020 kuma ambaliya ta shafe gonakin da rahotanni suka ce sun kai hekta 450,000 a jihar. Duk wannan tarihi, in an tace shi, labarin hawa da saukar ruwa ne a cikin ƙasa.

A gonar shinkafa kuwa, dokar tana aiki ta ɗaya fuskar. Idan ruwa ya kwanta a kan karmami da takin da ke ruɓewa, sai su fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara ɗari ta fi iskar kabon ɗumama duniya da kusan ninki 28. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe da nuna cewa idan manomi ya riƙa barin gona ta tsane kafin ya sake ba ta ruwa, metan kan ragu da kusan rabi, ruwan da ake sha ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, amfanin gona kuma bai taɓu ba. Wannan ragin shi ne hajar da dillalan kabon ke saye su sayar wa kamfanonin ƙasashen da suka ƙi rage nasu hayaƙin. Nijeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a 2021, ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, ta kuma shiga sahun ƙasashen Afirka masu neman kuɗi daga wannan kasuwa. Jihar da ta yi suna da shinkafa ba za ta ɓuya ga dillali ba.

To, da wane mudu za a auna? A jadawalin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sabunta a 2019, an ba Kudancin Asiya da Gabashin Asiya da Turai kowa nasa adadin metan da hekta ɗaya ta shinkafa ke fitarwa a rana. Da aka zo kan Afirka sai aka ɗora mata matsakaicin adadin duniya, kilo 1.19, aka kuma faɗa ƙarara cewa an yi haka ne saboda ƙarancin awo. Nahiya guda ke nan ake yi wa lissafi da mudun aro.

Bari mu yi lissafin da shi. Shinkafar da ta yi kwana 120 cikin ruwa za ta fitar da kilo 143 a hekta, kwatankwacin tan huɗu na iskar kabon. In an rage rabi, tan biyu ke nan. A ƙaddara an sayi tan ɗaya dala goma: dala ashirin a hekta, kafin mai tantancewa da mai rajista da dillali su cire nasu. Ga manomin da ke da rabin hekta, wannan bai kai kuɗin buhun taki ba. Ga wanda ya tattara sa hannun manoman hekta 50,000 kuwa, dala miliyan ɗaya ce duk shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Adadin 1.19 ya ginu ne a kan gonar da ruwa ke kwance a cikinta tun daga dashe har kusan girbi. Duk wanda ya san noman rani a fadamar Kalgo ya san ba haka abin yake ba ga mai inji. Ƙasar na da yashi, ruwa na tsiyayewa, mai kuma da tsada, musamman tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Manomi kan tayar da inji yau, ya jira kwanaki kafin ya sake. Talauci ya riga ya koya masa dabarar da ake shirin zuwa a koya masa. Idan aka rubuta cewa da can gonarsa cike take da ruwa, aka sayar da ragin da bai auku ba, ranar da asiri ya tonu sunan Kebbi ne zai ɓaci. Haka ta faru a ƙasar Sin: a 2023 hukumar Verra, babbar mai rajistar wannan kasuwa, ta dakatar da tsarin lissafin shinkafar da ake amfani da shi, a 2024 kuma ta yi watsi da ayyuka 37 bayan ta gano an zuzuta alƙaluma.

A nawa ganin, injin mai amfani da hasken rana da ke yaɗuwa yanzu zai iya juya lissafin gaba ɗaya. Alheri ne babba, ba musu. Amma wanda ba ya sayen mai ba shi da dalilin kashe inji. Gona za ta daɗe cikin ruwa, metan ya ƙaru, makwancin ruwa ya ƙara nisa, makiyayin da ke saukowa fadama da rani da masuncin da ke jiran tafki su tarar da abin da ya rage. Wannan hasashe ne, kuma awo kaɗai zai tabbatar da shi ko ya rushe shi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, fadama na bakin ƙofarta. Ga kuma jami'ar kimiyya ta jiha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja an yi shi ne don kula da ƙasa da ruwa, saboda haka tallafa wa irin wannan awo bai fita daga hurumin sa ba. Abin da ake buƙata da farko shi ne bututun roba masu huji da za a kafa a gonaki, ɗalibi ya riƙa rubuta zurfin ruwa duk mako, da akwatunan da ake kifawa a kan shuka a zuƙi iska da sirinji a kai ɗakin gwaji, da samfurin ƙasa daga fadamar da ake nomawa da wadda aka bar wa kiwo. Shekara biyar na irin wannan rubutu, damina da rani, sun isa a gina lissafin da zai gaya wa mai buɗe ƙofar Goronyo abin da buɗewarsa ke jawowa a Kalgo.

Sai batun sa hannu. Yarjejeniyar kabon kan ɗaure ƙasa shekaru masu yawa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna. A 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya nemi ikon kabon na kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar Laberiya, mazauna dazukan suka ce ba a shawarce su ba. Kafin takarda irin wannan ta iso Birnin Kebbi, ya kamata Majalisar Dokokin Jiha da Majalisar Masarautar Gwandu su ajiye sharuɗɗa a rubuce: a karanta wa manoma yarjejeniya da Hausa a gaban hakiminsu, a bayyana kason da zai shiga aljihunsu, a kuma ajiye kwafin duk alƙaluman da aka auna a gonakinsu a jami'ar da ke kan hanyar Kalgo.