Yafe Bashi: An Gudu Ba A Tsira Ba

Idan ba a manta ba, a shekarar 1996 ne Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka ƙaddamar da shirin sassauta wa matalautan ƙasashe nauyin bashi. Yuganda ce ta fara cin moriyarsa a 1998, sannan Nijar da Ghana suka cika sharuɗɗansa a 2004, Zambiya kuma a 2005. Nijeriya ba ta cikin shirin, amma a 2005 ƙungiyar masu ba da rance ta Faris ta yafe mata dala miliyan dubu 18, ita kuma ta biya kimanin miliyan dubu 12 da suka rage.

Babu shakka wannan sassauci ya yi rana. Kuɗin da a dā ake kwasa zuwa waje ya samu hanyar shiga makarantu da asibitoci. Sai dai kuma Zambiya ta kasa biyan bashinta a 2020, Ghana ta bi sahu a 2022.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da zarar an goge allo, sai ƙasashen suka zama abin sha'awa ga sabbin masu ba da rance. Ghana ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 750 a kasuwar duniya a 2007, Zambiya ta yi haka a 2012, ga kuma rancen ƙasar Sin. Wannan bashi ruwansa ya fi tsada, wa'adinsa ya fi gajarta, kuma da dala ake biyansa, alhali har yanzu koko da zinariya da tagulla ne madogarar samun dalar.

A dā gwamnatoci kaɗan ne ke zama a teburi guda su yanke shawara. Yanzu masu bin bashi sun yawaita, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara yafewa. Shi ya sa Zambiya ta shafe fiye da shekara uku kafin ta daidaita da masu riƙe da takardunta a 2024. A Ghana kuwa, har sai da tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a 2023 domin kare ajiyarsu.

Saboda haka, kiran a sake yafe bashi bai wadatar ba. Wajibi ne Ingila da jihar New York, waɗanda a ƙarƙashin dokokinsu ake ƙulla akasarin waɗannan yarjejeniyoyi, su tilasta wa 'yan kasuwa ɗaukar kasonsu na asara. A gida kuma, kada a ci wani rance sai majalisa ta ga sharuɗɗansa, jama'a sun san abin da za a yi da shi. Talaka ne ke biya, don haka yana da haƙƙin sanin abin da aka ci da sunansa.