DANDALIN FASAHA: Mac ko Windows, wacce ta dace da ɗakin tace fim?

Duk wanda ya saba leƙa situdiyoyin da ke titin Gidan Zu a Kano ya san akwai musun da ba ya ƙarewa tsakanin editoci. Wannan ya ce shi in ba Mac ba sai rijiya, wancan ya ce ai Windows ce ta talaka. Ga 'yan waya su ma sun shigo, mai iPhone da mai Android kowa na wasa gwaninsa. To, matashin da ya tara ɗan kuɗinsa yana son shiga industiri, ina zai dosa?

Da farko dai, kowace na'ura tana da uwar manhaja, wato wadda ke tuƙa ta, kuma ita ke yanke irin kayan aikin da za su hau kanta. Final Cut Pro, wadda kamfanin Apple ya fitar a 1999, ba ta hawa Windows ko nawa mutum zai biya. Da ita Walter Murch ya tace fim ɗin Cold Mountain na 2003, abin da ya ƙara mata kwarjini. Premiere ta kamfanin Adobe tana hawa Mac da Windows duka, sai dai tun 2013 aka koma bayar da ita haya, a biya duk wata ko duk shekara. Ita kuwa DaVinci Resolve akwai ta kyauta, tana hawa har da Linux, amma ta kyautar a kan Linux ba ta buɗe irin bidiyon da yawancin wayoyi ke ɗauka sai an juya shi tukuna.

Kowacce da ranarta. Mac ɗin da aka soma yi daga 2020 tana riƙe caji sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta ke zuwa ta ga dama. Amma ma'adanar aikinta a manne take, ba a ƙara ta bayan an saya. Kwamfutar tebur mai Windows kuwa, in wani abu ya ƙone a ciki, sai a cire shi a sa wani, masu gyaranta kuma ga su nan birjik.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen musayar aiki. A ce furodusa ya dawo daga lokeshin, an zuba masa aikin mako biyu a hadis ɗin da aka tsara a kan Mac, ya kai wa editan da ke da Windows. Sai kwamfuta ta ƙi buɗe shi, wani lokacin ma ta nemi a tsara shi sabo. In yaron shago ya danna "to", shi ke nan, fim ya tafi, kuɗin jarumai da na abinci sun bi ruwa! Maganin abu ne mai sauƙi: tun kafin a fita aiki a tsara hadis da tsarin exFAT, wanda dukkansu biyun ke karantawa suna kuma rubutawa, sannan a ajiye kwafi biyu.

Batun waya kuma, babu mai raina ta yanzu. Da iPhone 5s guda uku Sean Baker ya ɗauki Tangerine na 2015, Steven Soderbergh kuma ya yi Unsane na 2018 da iPhone 7 Plus. Sai dai waya kan sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, musamman in haske ya yi ƙasa. Shi ya sa wani lokaci za a ga bakin jaruma na gaba, waƙa na baya. A fim ɗin Hausa, inda waƙa ke sayar da fim, wannan ai abin kunya ne. A kafe wayar a kan hoto 25 a daƙiƙa, kuma kada a tura aikin ta WhatsApp a matsayin bidiyo, don matse shi yake yi.

Akwai kuma darasi a kan wayoyin da suka bi wata hanya daban. Nokia 808 ta 2012 mai Symbian da Lumia 1020 ta 2013 mai Windows Phone duk kyamararsu ta kai megafiksel 41, amma ina suke yau? Masu ƙera manhajoji sun guje su, sai kasuwarsu ta mutu. BlackBerry ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Huawei kuma, bayan takunkumin Amurka na 2019, sababbin wayoyinta sun rasa manhajojin Google, ta koma ga HarmonyOS. Mai ɗora shiri a YouTube sai ya yi tambaya sosai kafin ya ciro kuɗi.

Saboda haka, kafin matashi ya nufi kasuwa, ya fara tambayar da me maigidan da zai koya masa yake aiki, wa zai gyara masa in ta lalace, kuma ko aikinsa zai buɗu a situdiyon maƙwabci. 'Yan kallo dai ba su taɓa tambayar da wace kwamfuta aka tace Sangaya ba. Labari da waƙa suka riƙe.