Malam, Matan Kabi Ba Ado Ba Ne a Teburin Daraktoci

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce sanya mata a kwamitin daraktocin kamfani yayin Turawa ne, tunda kuma kamfanonin Amurka sun fara ja da baya, mu ma mu ja. Har ka ƙara da cewa Arewa ba ta da matan da suka cancanta. Wannan magana ta yi mini ciwo.

Ka zo Argungu ka tambayi Hajiya Salamatu Hussaini Suleiman. Lauya ce, ta zama ministar harkokin mata a 2008, ta yi kwamishinar siyasa da tsaro a ECOWAS, ta zauna a kwamitin daraktocin Stanbic IBTC da na Flour Mills. Alfarma aka yi mata?

Tsarin nan ma ba daga Amurka ya zo mana ba. A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Babban Bankin Najeriya da bankuna suka tsayar da burin ba mata kashi 30 cikin ɗari na kujerun daraktoci.

Dubi shinkafarmu. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, mata ne ke turara ta, su shanya, su san wadda kasuwa ke so. Amma ranar yanke farashi da rabon bashi, sai a rufe ƙofa, maza zalla, yawancinsu abokan juna. Kamfanin da ya toshe kunne ga masu wannan sani kansa ya cuta.

Masu hannun jari na Kabi, a taronku na shekara ku tambayi shugaba mata nawa ke kwamitinsa, kada ku tashi sai ya amsa.