Kada Oda Ta Raba Mu Da Ranar Yankan Cincin

A watan Disamban 2024 danginmu sun taru a gidan kakarmu a Ibadan domin bikin Kirsimeti, kamar yadda aka saba kowace shekara. Abin da ya bambanta a wannan karo shi ne ba a hura wuta domin kek ko cincin ba. Wata yayata da ke aiki a Legas ce ta ce a bar mata komai. Ta yi oda ta waya, ranar biki da safe mai babur ya sauke kwalaye a ƙofar gida. Kek ɗin ya yi kyau, ba na musu, kowa ma sai da ya ɗauki hoto da shi. Amma jama'a sun iso da ƙarfe biyu, suka ci, suka sha, kafin magariba gida ya yi tsit. Kakarmu ta daɗe tana kallon kwalayen da aka tara a lungu, sannan ta ce da ni cikin Yarbanci wai ita bana ba ta ga biki ba, baƙi kawai ta gani.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni Bayarabiya ce, Hausa kuwa a aji na koye ta, don haka mai karatu ya yi mini afuwa idan harshena ya yi tuntuɓe. Ra'ayina shi ne, iyalin da suka daina yin kek da cincin a gida suka koma oda ɗungurungum sun yi asarar abin da ya fi kek ɗin daraja, wato yinin da ake taruwa a yi shi.

Da can bikinmu yakan fara kwana uku kafin ranarsa. Mahaifiyata da ƙannenta su tafi kasuwar Bodija su auno fulawa da sukari, su sayo bota da ƙwai da bekin hoda da gyaɗar ƙamshi. Ba mu da obin, wato tanderun zamani, kuma ko da muna da shi, wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Da yashi muke gashi. Akan wanke yashi a shanya, a zuba a gindin babbar tukunya kamar kaurin yatsu uku, a ɗora a kan gawayi a rufe har ya ɗauki zafi. Sannan a shafe gwangwanaye da bota, a zuba kwaɓi zuwa rabi, a jera su a kan yashin. Amfanin yashi shi ne yana riƙe zafi ya raba shi daidai, ba ya barin wuta ta bugi gindin gwangwani kai tsaye, balle kek ya ƙone a ƙasa alhali cikinsa ɗanye ne. Wasu har garwashi suke zubawa a kan murfi domin saman ya yi ja. Doka ɗaya ce ba a karyawa: ba a buɗe tukunya da wuri. Idan iska mai sanyi ta shiga kafin kwaɓin ya kama jikinsa, kek zai faɗa kamar an zauna a kansa. Na sha ranƙwashi a kan wannan doka ba sau ɗaya ba. In ƙamshi ya cika gida sai a soka tsinke a tsakiya, idan ya fito fes to ya gasu.

Aikin da ya fi cin rai shi ne buga bota da sukari. Da muciya ake yi a cikin roba, har sai ya yi fari ya yi laushi, domin iskar da ta shiga a wannan lokaci tana cikin abin da ke sa kek ya tashi. Mutum ɗaya ba ya kai shi ƙarshe, karɓa-karɓa ake yi. Cincin kuwa shi ne mai tara jama'a. Ɗaya na murza kwaɓi da kwalba a kan tebur, huɗu ko biyar na zaune a tabarma suna yanka, wata na gaban kasko, yara na zagaye suna satar na farkon fita suna ƙona baki.

A irin wannan tabarma na ga abin da ba na mantawa. Ƙannen mahaifiyata biyu sun yi kusan shekara ba sa ga-maciji saboda rikicin wani fili. An kira taro an yi musu nasiha, abin bai yi ba. Ranar yankan cincin kakarmu ta zaunar da su a gaban tire ɗaya, ta kuma ba su wuƙa ɗaya mai kaifi da wata dakusasshiya. Awa guda ba wadda ta tanka. Daga baya ɗaya ta ce a miƙo mata mai kaifin, ɗayar ta ce ai yankanta ya yi girma, kamar za a ba doki. Kafin a sauke kaskon ƙarshe suna dariya. Ban ce rikicin fili ya mutu a ranar ba, amma magana ta dawo. A wurin cin abinci kowa na iya gaisawa sama-sama ya ɗauki jakarsa ya tafi. Aikin awa shida kuwa ba ya barin mutum ya gudu. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, ni kuma abin da na gani a gidanmu, har da hannu.

To, me ya haɗa wannan da mu ɗaliban harshe? A azumin 2024, ana saura kwanaki kaɗan Sallah, mahaifiyata ta tura ni taya wata ƙawarta aiki a unguwar Sabo, inda Hausawan Ibadan suke zaune fiye da shekara 100. Na tafi da girman kai na mai cin jarrabawar nahawu. Da aka turo mini roba sai na ce, "Hajiya, in dama fulawar?" Matan gidan suka fashe da dariya. Hajiya ta ce, "Kunu za ki yi mana, 'yata? Fulawa kwaɓa ta ake yi. Kunu da fura su ake damawa, tuwo kuma a tuƙa shi." A littafin ajina duk waɗannan kalmomi kusan ma'ana ɗaya na rubuta musu. A yinin nan na san cewa kek gasa shi ake yi, cincin a soya, waina a toya. Na san tankaɗe da murza da mulmula. Na san cewa cincin tsame shi ake yi daga mai, sannan a bar shi ya tsane a kwando. Malaminmu ya yi mako yana nuna mana ninkin gaɓa a aikatau, yadda yanka ke komawa yayyanka idan aikin ya yawaita, amma sai da aka ce da ni "yayyanka shi ƙanana" ina riƙe da wuƙa sannan abin ya zauna mini. Haka batun dogon wasali da gajere. Da wata yarinya ta ce za ta shiga gari ta ƙaro gari, kunnena ya ji bambancin da rubutu ba ya nunawa.

Farantin Sallar gidan ma darasi ne. Akwai alkaki, wanda ake yi da alkama a soya a tsoma cikin ruwan sukari ko zuma. Akwai dubulan mai zanen fure, da nakiya ta shinkafa mai yaji da ke wata da watanni ba ta lalace ba, da gireba mai riɗi a ka, wadda take narkewa a baki. Su ne kuma ake haɗawa cikin gara, wato kayan da dangin amarya kan kai gidan miji bayan biki. Alkaki da gireba da alkama da sukari duk daga Larabci suka shigo Hausa, abin da ke tuna mana da tsohon cinikin Sahara da Larabawan da suka zauna a birnin Kano, har wata unguwa ake kira Dandalin Turawa, tun lokacin da Larabawa ake nufi da Turawa. Kek da fulawa da bota kuwa daga Ingilishi suke. Mai nazarin aron kalmomi zai iya cika shafi biyar daga faranti guda. Wanda aka kawo wa kaya a kwali zai ci daɗi, amma ba wanda zai tsaya ya faɗa masa sunan komai.

Yanzu bari in ba masu oda haƙƙinsu. Hujjarsu ta farko tsada ce, kuma gaskiya ce. Nijeriya daga waje take sayo mafi yawan alkamar da take ci, abin da ake nomawa da rani a Kano da Jigawa da sauran wurare bai kusa isa ba. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashin alkama a duniya, sannan a 2023 aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi. Fulawa da bota da ƙwai da mai duk suka yi sama. Mai sana'a buhu take saye, don haka ta fi mai auna mudu biyu samun sauƙi, ga shi kuma ba ta ƙona kaya kamar mu 'yan koyo. Wannan ban musa ba. Sai dai a ganina maganinsa a rage yawa, a kuma yi karo-karo. Wannan ta kawo fulawa, wancan ya kawo mai. Ba dole ba ne a cika bokiti uku. Gireba ma ba ta neman ƙwai ko bota, fulawa ce da sukari da mai.

Hujja ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma yayata ce ta jefe ni da ita. Ta ce, "Ke kina tuna dariya da ƙamshi, ni ciwon baya nake tunawa. Wa ke tashi da asuba? Wa ke wanke tukwane bayan kowa ya kwanta?" Na rasa amsa, domin na san mazan gidanmu a gindin bishiya suke yini suna muhawarar ƙwallo, sai an sauke su aiko yaro ya ɗebo musu. Matar da ta yi mako tana fama da aiki da cunkoson Legas, ba adalci ba ne a ce hutunta na kwana uku ya ƙare a gaban kasko ita kaɗai. Idan al'adar za ta ci gaba a kan wuyan mata kawai, to gara ta mutu. Amma me ya hana maza shiga? A gidajen burodin da na sani maza ne ke kwaɓa buhunan fulawa. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne. Hannun da ke iya wannan a kasuwa don kuɗi ba zai karye ba don ya riƙe muciya minti goma a gidan uwarsa. Buga bota ma aikin mai ƙarfi ne.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu sana'ar. A ajinmu akwai biyu da ke biyan kuɗin makaranta da kek ɗin da suke tallatawa a WhatsApp da Instagram, kuma ba na fatan kasuwarsu ta mutu. Bikin aure mai ɗaruruwan baƙi ba aikin tukunyar yashi ba ne, a ba su su yi. Ko da yake, in faɗi gaskiya, kek ɗin wasu bukukuwan mai hawa biyar, hawa ɗaya ko biyu ne na ci, sauran soso ne aka lulluɓe da ado domin hoto. Wannan dai tsakanin amarya da aljihunta. Abin da nake magana a kai shi ne taron gida: Sallah, Kirsimeti, suna, dawowar ɗa daga makaranta. Na tambayi waɗannan ƙawaye nawa biyu inda suka fara koyo. Ɗaya ta ce wurin mahaifiyarta, ɗaya ta ce wurin goggonta, dukansu kuma da gawayi da yashi. Idan kowane gida ya koma oda, ban san inda masu sana'ar gobe za su fara taɓa kwaɓi ba.

Ga 'yan'uwana masu koyon Hausa irina, musamman mu da muke karatu nesa da ƙasar Hausa, shawarata a nan ita ce idan Sallah ta matso ku nemi gidan da ake aikin cincin a Sabon garinku, ku yi sallama ku ce kun zo taya aiki. Maza su nemi izinin maigida, ko a zaure ma ana iya ba su tire da wuƙa. Za a yi muku dariya, ku jure. Ni dai tun ranar ban sake dama fulawa ba.

A gidanmu mun yi sulhu da yayata a kan biki mai zuwa. Za ta yi odar babban kek ɗaya domin masu son hoto, cincin da ƙananan kek kuwa a gida za a yi, kuma ita ba za ta taɓa komai ba sai in ta ga dama. An rubuta sunan ƙanena da 'ya'yan kawuna biyu a kan bota da wanke-wanke, suna ta gunaguni. Hajiya ta yi alkawarin turo 'yarta ta nuna mana gireba. Tukunyar yashin kuwa na same ta a bayan ɗakin girki, kaza ta mayar da ita akurki. Kakarmu ta ce a bar ta ta gama ƙyanƙyasa tukuna.