Wasiƙa Ga Masu Ɗaukar Bidiyo Na Abuja: Kada Ku Goge Katin Tukuna



Daga Kubwa har Nyanya, kukan matasanmu ɗaya ne: a kyamara hoto sumul, da an juye shi a kwamfuta sai ya riƙa cijewa, murya ta yi gaba, leɓe na biye. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai juyewa cikin gaggawa, ya goge katin ya nufi wani bikin, sai daga baya ya ga ɓarnar. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Don Allah kada ku goge kati sai kun kalli aikin har ƙarshe, kun kuma ajiye shi wuri biyu.

Ku fara da gano inda ciwon yake. Ku kunna wurin da ya cije, ku sake kunnawa. In kullum a daƙiƙa guda yake tsayawa, fayil ɗin ne ya samu rauni, sai a sake juyewa daga katin. In wurin yana sauyawa, aikinku lafiya lau, kwamfutar ce ta gaza ɗaukar kayan.

Galibi na biyun ne. Tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fitar a 2006, ba ya ajiye kowane firem cikakke. Jefi-jefi yake ajiye cikakken, sauran kuwa abin da ya sauya kaɗai yake riƙewa, don haka dole kwamfuta ta yi ta lissafi kafin ta nuna muku firem guda. H.265 na sababbin wayoyi ya fi wannan nauyi. Magani shi ne ku sa Premiere Pro ko DaVinci Resolve su yi muku ƙananan kwafi marasa nauyi, ku tace aiki da su, ko ku mayar da hoton ProRes. Fayil zai kumbura, amma zai tafi daidai. Kada ku tace kai tsaye daga kan kati, kuma ku kwashe jakar PRIVATE da ke cikin katin gaba ɗayanta, domin kati mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, kyamara kan datse doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa. Wanda ya tsinci gunduwoyin ɗai-ɗai yakan ji murya ta yanke a mahaɗa.

Da an ɗauke wuta laftof kan rage gudu don ya tattala batir. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankarsa, zafin Maris ya ƙarasa shi. A hure shi.

Akwai kuma tsallen da ba laifin kwamfuta ba ne. Mu a Najeriya firem 25 muke bi a daƙiƙa, kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka kuwa kusan 30 take yi. In kun haɗa su a aiki mai 25, manhaja kan zubar da firem ɗaya cikin shida, kuma za ku gani sarai duk sanda kyamara ta bi amarya tana shigowa. Ku daidaita kyamarorinku tun kafin kamu. In kun shiga Banex Plaza a Wuse 2 sayen kati, ku nemi mai alamar V30, ku cika shi da gwaji a gida kafin ku ba shi amanar bikin mutane.

Ga waɗanda iyalai ke kawo wa tsofaffin kaset na Mini DV, ku ƙara kula. Da wayar FireWire ake juye su, awa ɗaya tana cin awa ɗaya da kusan 13GB, kuma firem ɗin da ya faɗi ya faɗi kenan sai an sake daga farko. Ku rufe duk wata manhaja, ku tsabtace kan kyamarar da kaset ɗin gogewa. Wanda aka ɗauka a LP, ku tambayi masu shi ko kyamarar da ta ɗauke shi tana nan, domin ita ta fi iya karanta shi. Bayan kun gama, ku mayar musu da kaset ɗinsu, ku ce su adana.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a, Abuja