Gwaji ko Ƙwadago Kyauta? Kan Jarrabawar Neman Aiki a Duwala

Kalmar gwaji a Hausa tana nufin auna abu domin a san iyakarsa, kamar yadda tela ke gwada riga a jikin mai ita. Abin da wasu ofisoshin Akwa da Bonanjo ke ɗora wa masu neman aikin kwamfuta ya fita daga wannan ma'ana.

Matashi daga unguwar Hausawa ta New Bell, da takardar Jami'ar Duwala a hannu, yakan je ganawar neman aiki a sallamo shi da "ɗan gwaji": ya gina manhajar lissafin hajar shago cikin kwana uku. Kuɗin intanet daga aljihunsa, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Ya hana idonsa barci ya miƙa aiki, daga nan shiru. Ba a ce masa ya faɗi ba, ba a kuma faɗa masa inda manhajar ta kwana ba. Ko a gayya, mai gona yakan ciyar da waɗanda suka yi masa noma. Irin wannan gwaji ba basira yake aunawa ba; yana tace wanda gidansu ke da janareta ne daga wanda ba su da shi.

Akwai kuma masu kacici-kacici, waɗanda suka kwaikwayo ɗabi'ar daga Amurka bayan masu ita sun yar. Tun a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Tun kafin nan, a 1971, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power cewa jarrabawar da ke tauye wani jinsi haramun ce muddin ba ta da alaƙa da aikin da ake nema.

Masu ɗaukar aiki sukan ce takarda ba ta nuna iyawa. Gaskiya ne, amma doka ta riga ta ba su mafita. Sashe na 28 na Dokar Ƙwadago ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, ya halatta ɗaukar ma'aikaci a kan gwaji: a rubuce, na tsawon da bai wuce wata 6 ba, ko wata 8 ga manyan ma'aikata. Mai aiki a wannan lokaci da albashinsa. Wanda ya tsallake wannan hanya ya nemi aikin kwana uku a banza, albashin yake gudu.

Gwajin awa ɗaya ko biyu, a ofis, kan kwamfutar kamfani, ya isa. Idan ya zarce haka, haƙƙin mai neman aiki ne ya tambaya a rubuce: awa nawa zai ci, wa zai duba, kuma mallakar wa aikin zai zama in ba a ɗauke shi ba.